Kafin ka sayi tsohon sule ko liyari: yadda ake gane azurfa da yadda ake cinikinta ba a cuce ka ba

Yanzu a nan Jos samari da dama sun fara sha'awar tara tsofaffin kuɗi, sule da sisi da fataka (sule biyu) da kwabo mai huji, wasu don son tarihi wasu kuma saboda sun ji ance akwai azurfa a ciki kuma azurfa na daraja. Duka biyun babu laifi. Abin da ke damuna shine yadda sabon shiga ke zuba kuɗinsa a kan labari kawai, mai kaya ya ce masa ai wannan tun zamanin Gwamna Lugga ne, kakata ce ta bari, shikenan sai ya zaro kuɗi ya biya bai auna ba bai ko duba shekarar da ke jiki ba. In dai da gaske zaka shiga wannan harka to abu na farko da zaka saya ba kwandala bane, sikeli ne.

Ka nemi ƙaramin sikeli na dijital irin na masu saida gwal, wanda ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, wato yana iya auna 0.01 na giram. Na kicin da ake auna fulawa ba zai maka aiki ba don taro (kwabo uku) na azurfa gaba ɗayansa giram 1.41 ne, a kan babban sikeli ko motsi ba zai yi ba. Bayan sikeli sai mayen ƙarfe mai ƙarfi, sai ƙaramin gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo, in da hali ka ƙara da abin nan na auna faɗi da kauri da makanikai ke amfani da shi. Duk kayan nan in ka haɗa kuɗinsu bai kai asarar da jabun liyari, babbar kwandalar azurfa ta ƙasar Ostiriya, guda biyu uku za su ja maka ba.

To sai sanin wanne ne ma ke da azurfa, don a nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. Yawancin tsofaffin kuɗin da ake samu a gidajenmu, a ƙasan adaka ko cikin gwangwanin tsohuwa, babu ko ɗigon azurfa a jikinsu. Anini da ɗari (rabin kwabo) da kwabo masu huji a tsakiya, masu tauraro mai tsini shida da rubutun larabci, fararen cikinsu haɗin jan ƙarfe ne da nikel, daga 1952 kuma aka koma yin su da tagulla. Aninin farko na 1907 ma da alminiyam aka buga shi, bai jure ba yana cinyewa, shi yasa a 1908 aka canza ƙarfen. Kuɗin Tarayyar Najeriya na 1959 mai kan Sarauniya, sisi mai koko, sule mai kwakwa, fataka mai gyaɗa, dukkansu farare ne tas amma ba azurfa. Haka kwabban da suka zo da naira a 1973. Suna da daɗin ajiyewa kuma ni ina son su, amma kar wani ya saida maka su da farashin azurfa.

Masu azurfar gaske su ne waɗanda hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, ta fara fitarwa a 1913 don Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya. Taro, sisi, sule da fataka, gaba kan Sarki Joji na biyar da kambi, bayan sule da fataka kuma bishiyar kwakwar manja. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1000. Sule sabo fil nauyinsa giram 5.66, fataka 11.31, sisi 2.83. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada sosai har ƙarfen da ke cikin sule ya nemi ya fi sulen daraja, sai a 1920 aka rage ta zuwa rabi a wasunsu, a cikin shekarar kuma aka daina gaba ɗaya aka koma wani haɗin tagulla mai launin ɗorawa. Kenan in ka ga 1920 ka natsu da kyau don shekarar tana da iri biyu, mai azurfa da marar azurfa, zane ɗaya girma ɗaya. In kuwa shekara ta wuce 1920 a kuɗin wannan hukuma to ka cire batun azurfa a ranka. Akwai ma wani taro da aka fara a 1938 zamanin Joji na shida, fari ne kamar azurfa, yana ruɗar mutane ba kaɗan ba, amma ya fi tsohon taron girma kuma nikel ne da jan ƙarfe.

Garin nan namu na Jos an kashe irin kuɗin nan da yawa saboda haƙar kuza, leburori daga Kano da Barno da ko'ina ana biyansu da tsaba, shi yasa har yau a tsofaffin gidajen Gangare da Dilimi da Bukuru da Barikin Ladi ake cin karo da su. Tare da su zaka riƙa ganin sulallan Ingila kanta. Ƙa'idarsu mai sauƙi ce, kafin 1920 kashi 925, daga 1920 zuwa 1946 rabi, daga 1947 babu komai. Na Amurka kuma in sun faɗo hannunka, masu santi 10 da 25 da 50 har zuwa 1964 kashi 900 ne. Sai riyal na Saudiyya da alhazan da suka riƙa dawowa da shi daga Makka, mai takubba biyu da bishiyar dabino, shekarunsa na hijira irin 1354 da 1367 da 1370 da 1374, nauyi wajen giram 11.66, azurfa kashi 917. Ta ɓangaren Nijar kuma akan shigo da babbar kwandalar Faransa ta faran 5, giram 25 cif, kashi 900.

Amma wanda ya fi kowanne yawo a hannun Hausawa, wanda kuma aka fi yin jabunsa, shine liyari. Babbar kwandala ce ta ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Taresa da lulluɓi, bayanta gaggafa mai kai biyu. Fatake ne suka riƙa ƙetaro sahara da ita, an yi ciniki da ita a Barno da Kano da Sakkwato tun kafin zuwan Turawa, mata sun yi ado da ita, maƙeran fari sun narka ta ba adadi sun yi mundaye da zobba da kayan doki. Dan Allah ka riƙe wannan da kyau: kusan duk liyarin da zaka gani 1780 ne a jikinsa, kuma hakan ba ya nufin a 1780 aka buga shi. Shekarar da sarauniyar ta rasu kenan, 'yan kasuwa a Afirka da ƙasashen Larabawa kuma sun saba da wannan kamar ba sa karɓar wata, sai aka daskarar da shekarar aka ci gaba da bugawa haka, a Biyana da Landan da Bamingam da Paris da Rum da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, har yanzu ma Ostiriya na bugawa. Don haka in mutum ya ce maka ga kuɗi mai shekara sama da 240 ka kawo dubu ɗari kaza, ka sani ko dai shi ma bai sani ba ko kuma yana fatan kai baka sani ba. Liyari na gaske nauyinsa giram 28.07, azurfa kashi 833, wato tsantsar azurfar ciki giram 23.39, faɗinsa wajen milimita 40. A ƙarƙashin hoton akwai haruffa S.F., bayan 1780 akwai wata 'yar alama kamar X, a gefensa kuma zagaye akwai rubutu mai tudu da ado. Jabu galibi a gefen nan yake tonuwa, zaka ga rubutun ya cakuɗe ko babu shi sam, ko ka ga wani siririn layi ya zagaye gefen inda rabi biyu na mazubi suka haɗu.

Yanzu gwaji. In an miƙo maka kwandala ka riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, kar ka dafa fuskarta. Fara da shekara da rubutu, ka tabbata ma irin wadda ake yi da azurfa ce. Sai ka kara mayen ƙarfe, in ta manne magana ta ƙare, azurfa ba ta kama maye. Amma rashin mannewa ba shaida bace, don tagulla da dalma da haɗin nikel ɗin nan duk ba sa mannewa, mutane da yawa a nan suke tsayawa su ce ta ci jarabawa. Ɗora ta kan sikeli. Tsohuwar kwandala da ta sha hannu tana raguwa kaɗan, liyari mai 27.8 ko 27.6 ba abin tsoro bane in ka ga ya side, amma wanda zanensa ke raɗau kamar jiya aka yi kuma sikeli ya nuna 24 ko 22, mayar masa da kayansa. Wanda ya wuce nauyi ma abin zargi ne. Daga nan ka auna faɗi da kauri, saboda mai jabu in ya daidaita nauyi da ƙarfe marar nauyin azurfa dole kwandalar ta fi kauri. Sai ƙara, ka ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ɗan taɓa gefenta da wata kwandalar a hankali, azurfa tana yin ƙara siririya mai ja, dalma kuwa ƙwas ɗaya ta mutu. Wannan sai kunne ya saba, ka samu guda ɗaya da ka tabbatar da ita ka riƙa kwatantawa.

Gwajin da na fi yarda da shi shine na ruwa, kuma ba ya ɓata kwandala. Ka auna ta a bushe ka rubuta. Ka ɗora ƙaramin kofi da ruwa a kan sikeli ka danna ya koma sifiri. Ka ɗaure kwandalar da siririn zare ka nutsar da ita cikin ruwan gaba ɗaya tana reto, kar ta taɓa ƙasan kofin kar ta taɓa gefe, ka jira lambar ta tsaya. Sai ka raba nauyin farko da wannan lamba ta biyu. Liyari na gaske zai nuna wajen 2.75 a cikin ruwa, in ka raba 28.07 da shi zaka samu kusan 10.2. Mai kashi 925 zai ba ka wajen 10.3 zuwa 10.4, mai rabin azurfa wajen 9.6, haɗin nikel da jan ƙarfe 8.9, tagulla ƙasa da haka. A kan ƙananan kamar taro gwajin ba ya fita daidai don lambar ta yi ƙanƙanta, amma a kan fataka da riyal da liyari yana aiki sosai. Ka tsane ta da kyalle mai laushi bayan ka gama. Abin da ba zan ba ka shawara ba shine gogawa a dutse ko ɗiga ruwan batir ko kankarewa da wuƙa, wannan aikin mai narkawa ne, kwandalar da aka kankare ta zama ƙarfe kawai.

In ka tabbatar azurfa ce sai lissafin kuɗi, kuma kowace kwandala daraja biyu gare ta. Akwai darajar ƙarfen da ke ciki, wannan kowa zai iya lissafawa. Ka duba farashin azurfa na ranar a intanet, da dalar Amurka ake faɗarsa a kan oza ɗaya, ozar azurfa kuwa giram 31.1 ce. Ka raba farashin da 31.1 ka samu na giram ɗaya, ka buga da canjin ranar, sannan ka buga da tsantsar azurfar da ke cikin kwandalar ba nauyinta duka ba. Fataka ta 1916 tsantsarta wajen giram 10.46, sule 5.23, riyal wajen 10.7, liyari kuma kashi uku cikin huɗu na oza. Wannan lissafin ka yi shi tun a gida ka rubuta a takarda kafin ka fita, don a gaban mai kaya kai yakan ɗau zafi.

Daraja ta biyu ita ce ta ƙarancin samu da kyan jiki, ita ce kuma ke buƙatar ilimi. Kwandala biyu shekara ɗaya, ɗaya ta side har ganyen kwakwar ya shafe ɗaya kuma ana ganin kowane layi na gemun sarki, farashinsu ba ɗaya bane ko kusa. Da gilashinka ka nemi ƙaramin harafi a bayan kwandalar, H ko KN, alamar kamfanin da ya buga ne a Bamingam, marar harafi kuma galibi na Landan ne, wani lokaci harafin nan kaɗai ke raba mai araha da mai tsada. Akwai shafin Numista da zaka ga nauyi da faɗi da adadin da aka buga na kowace shekara kyauta. In zaka duba kasuwar intanet ta eBay kar ka kalli abin da mutane suka sa a matsayin farashi, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ka duba waɗanda aka riga aka sayar. Shawarata ga sabon shiga, shekararka ta farko kar ka biya abin da ya yi nisa da darajar ƙarfe, komai daɗin bakin mai kaya. In ka yi kuskure a haka asararka kaɗan ce don azurfar na nan. Wadda aka huda ko aka liƙa mata kunne don rataya, irin na sarƙar mata da adon doki, ita kam kuɗin ƙarfe kawai ake biya, sai ka ma rage na abin da aka liƙa.

Wani abu da ake yawan ruɗar mutane da shi shine kwabon 1936 mai sunan Sarki Edwad na takwas, wanda ya sauka daga sarauta bai cika shekara ba. Labarin gaskiya ne kuma abin sha'awa ne a ajiye, amma an buga su da miliyoyi, ba su da wuyar samu. Sai manyan daloli na Amurka masu 1804 da ake yawo da su a leda, na gaskensu a duk duniya ba su kai ashirin ba kuma an san inda suke, wanda ke hannun wani a tasha ba ya cikinsu. Haka manyan kwandalolin Sin masu hoton dodo ko wani mutum mai ƙiba, jabunsu ya cika ko'ina.

Batun wanki kuma wallahi yana min ciwo. Mutum ya samu fataka mai kyau ta yi duhu saboda shekaru, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ko tsamiya ko man goge baki ko Brasso ya dirje ta har tana ɗaukar ido, a ganinsa ya gyara. Duk wanda ya san harka da ya sa gilashi zai ga ƙananan zane-zane sun cika fuskarta, kuma ba sa gyaruwa har abada. Duhun nan da ke kwanciya a lungunan rubutu masu tarawa suna sonsa, yana cikin shaidar tsufa. In ƙasa ce ta manne ka jiƙa a ruwa mai tsabta ka ɗauraye ka dafa kyalle a kai ya tsotse, ba gogawa. Iyakarta kenan.

Sai ciniki, inda ake kuka. Akwai wata dabara da ta daɗe amma har yau tana ci. Wani zai same ka yana neman irin kwandala kaza ido rufe, ya ce maigidansa a Abuja ko wani Bature zai saya kowace ɗaya da kuɗi mai yawa, ya bar maka lamba, har ya riƙa kira yana Alhaji an samu kuwa. Bayan kwana biyu sai ga wani daban da kamannin ƙauye ya zo da irinta cike da tsumma, wai a gona ya tono bai san darajarsu ba, yana so ya rabu da su da sauri zai kai mara lafiya asibiti. Kai kuma ka lissafa riba ka kwashe duka. Kana biya wayar mai neman ta daina shiga. Bakinsu ɗaya. Duk lokacin da mai saye da mai sayarwa suka faɗo maka a mako guda a kan kaya ɗaya, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka masu cewa kwabo mai huji yana da wani sinadari ko wani sirri a ciki da ake nema a waje, babu komai a ciki sai ƙarfen da na faɗa maka.

Saye ta WhatsApp ko Facebook daga wanda baka sani ba cinikin biri a sama ne. In ya zama dole, ka ce ya ɗauko maka bidiyon kwandalar a kan sikeli lamba na nunawa, gaba da baya da gefe, da takarda a kusa mai sunanka da kwanan watan ranar, don hotunan da ake turowa da yawa daga intanet aka kwaso su. Kar ka tura kafin alƙalami mai yawa wai za a sa maka a mota daga wani gari. Ka fara da guda ɗaya mai araha ka ga yadda mutum yake, ko ka samu wani naka a garin ya je ya gani da ido. In haɗuwa za ku yi, ku haɗu da rana a cikin mutane, mafi kyau a shagon mai gwal ko maƙerin azurfa da ka sani a Terminus ko wata kasuwar, ka ba shi ɗan na goro ya duba maka. Ka auna kowace ɗaya da kanka, ba guda biyu na sama ba, don akan sa na gaske a sama jabu a ƙasa. Wadda ka gwada kuma kar ta koma hannun mai kaya kafin ka biya, a nan ake musanye. Mai kayan da ya ji haushi don ka fito da sikeli, ko yake ta azalzalarka wai wani na jira, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa ka wuce. In kai ne mai sayarwa kar ka yarda da alat na saƙon waya ko hoton rasit, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna tukuna. In da dillali a tsakani a yanke la'adarsa tun farko kowa ya ji.

Ka kuma sani ba kai kaɗai ake iya cuta ba, kai ma kana iya cutar wani. Da yawan kayan nan a hannun tsofaffi mata suke waɗanda basu san farashi ba. In tsohuwa ta kwance ƙullinta ta ce ɗan nan nawa zaka ba ni, ka auna a gabanta ka ce Inna waɗannan shida azurfa ne ga nauyinsu ga kuɗinsu yau, waɗannan kuma tagulla ne ba su da tsada, ni zan saya kaza don in samu ɗan abu a kai. In ta ce albarka ka ƙara ko ka haƙura. Wanda ya yi haka gobe ita zata aiko masa maƙwabciyarta. In yaro ne ya kawo ka tambayi na waye, ka ce ya zo da babba, don sau da yawa daga akwatin kaka aka zaro ko kuma kayan gado ne da ba a raba ba, ka saya ka sayi rigima har gaban alƙali.

Ga mu Musulmi kuma azurfa tana da hukuncinta na musamman da bai kamata a yi wasa da shi ba. Azurfa da azurfa sai daidai da daidai kuma hannu da hannu, haka ya zo a hadisi, kenan musayar liyari ɗaya da sulalla masu azurfa da nauyinsu bai zo ɗaya ba akwai magana a ciki, hanyar da ta fi kuɓuta ka sayar da naka da kuɗi sannan ka sayi nasa da kuɗi. Saye da naira ma malamai na cewa a karɓi kaya a biya a zama ɗaya, ba bashi. Sai zakka, nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, liyari 26 sun haura shi in aka lissafa tsantsarsu, in shekara ta zagayo ana fitar da ɗaya cikin arba'in. Tarin da kake gani kamar wasa yana iya kaiwa nan baka lura ba, ka zauna da malaminka da lissafinka a hannu.

Ajiya ba ta da wahala. Kowace kwandala da 'yar ambulan ɗinta ta takarda ko ƙaramin gidan roba mai tauri, kar ka zuba su wuri ɗaya suna gogar juna. Leda mai laushi irin ta aljihun hotuna tana sa musu wani kore mai danƙo in an daɗe, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa inda duk ta taɓa. Daminar Jos akwai laima, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin. Ka samu littafi ka riƙa rubuta kowace ɗaya, shekara, harafi, nauyi, ranar saye, wurin wa, nawa, ko ba don kai ba don iyalinka, kar wata rana a kwashe su a ba 'yan gwangwan da kuɗin ƙarfe. Kuma ka rage sa su a status, ba kowa ne ya kamata ya san abin da ke ɗakinka ba.

Ranar da zaka sayar ka san wa kake kaiwa. Maƙeri narkawa zai yi, don haka ƙasa da farashin ranar zai taya kuma ba ruwansa da shekara ko harafi, shi ake kai wa hudaddu da sidaddu. Masu kyan jiki ka nemi mai tarawa irinka ko da zai ɗau lokaci, ka ji tayin mutum biyu uku kafin ka sallama. In kuma waje kake son fitar da su, ko aikawa ko tafiya da su, ka fara leƙa ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ka tambaya, don dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba takardar izini, a nan Jos ofishinsu na gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, su za su faɗa maka ko abin da ke hannunka ya shiga ciki ko bai shiga ba. In ka shiga Abuja kuma Babban Bankin Najeriya na da gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa, tun daga wuri har zuwa naira, ka tambayi yadda ake samun izinin shiga ka je ka ƙare wa na gaske kallo.